Mikisar Behringer XR18 a wajen biki: ramuka sun ishe mu, amma da sharaɗi

Lambar da kamfani ke bugawa a jikin kwalin mikisa, wato na'urar haɗa sauti, ba ita ce yawan makirufon da za ka iya jonawa ba. Duk mai shirin sayen mikisa don ƙaramin wasa, na biki ne ko na suna ko na majalisi, ya fara riƙe wannan kafin ya zaro kuɗi. Yamaha MG10XU da muka daɗe muna aiki da ita an rubuta mata layi 10. Ka ƙirga ramukan da makirufo ke shiga, masu ƙafa ukun nan da ake kira XLR, huɗu za ka samu. Sauran shidan layukan sitiriyo ne, bibbiyu sau uku, na fiyano da kwamfuta da ire-irensu. Kamfanin bai ɓoye ba, yana nan a takardarsu ɓaro-ɓaro. Mai shago ne ba zai tsaya yi maka wannan bayani ba, sai ya nuna maka lambar da yatsa ya ce, "Oga, ai goma ce."

Ni ne mai kula da sauti a wata ƙaramar ƙungiyar waƙa a Kano. Ba na waƙa, ba na kiɗa. Nawa shi ne in riga kowa isa, in shimfiɗa wayoyi, in tabbatar wanda ke can ƙarshen rumfa ya ji baitin da maigida, wato mawaƙinmu, ya rera kamar yadda na gaba ya ji. Lokacin da muka fara, mawaƙi ne da 'yan amshi biyu da mai fiyano, sai makirufo ɗaya na mai gabatarwa. Ramuka huɗu cif-cif. MG10XU ta yi mana aikin nan ba ƙorafi: muryarta tas, ekonta mai daɗi, nauyinta kilo biyu ne da 'yan kai, a jakar goyo nake jefa ta in tari adaidaita sahu.

Sai masu biki suka canza ra'ayi. Uwar biki za ta kira maigida ta ce, "Ɗana, ni fa kalangu na gaske nake so, ba wanda ke cikin fiyano ba." Aka kawo mai kalangu, shi kuma ba ya tafiya shi kaɗai, da mai ɗan karɓi da mai kuntuku yake zuwa. Aka ƙara ɗan amshi na uku. Wani yaro mai gurmi ya shigo, aka ƙara ganga babba don ta riƙe ƙasan kiɗan. Na zauna da biro na yi lissafi: mawaƙi ɗaya, 'yan amshi uku, mai gabatarwa, makirufon da ake miƙa wa malamin da zai buɗe da addu'a ko kawun ango da zai yi jawabi, shida ke nan na murya zalla. Kalangu, ɗan karɓi, kuntuku, ganga, gurmi, an kai 11. Fiyano na cin layi biyu, kwamfutar da muke saka waƙa lokacin cin abinci ita ma biyu. Layi 15, kuma 11 daga ciki ramin makirufo suke nema. Ban ma sa baƙon mawaƙin da kan faɗo ba zato, abokin ango ne, dole a ba shi baiti biyu.

Akwai dabaru biyu da 'yan sana'armu ke yi idan ramuka sun ƙare, kuma gara in faɗi ra'ayina a kansu kafin in zo ga abin da na saya. Ta farko ita ce a samo waya mai reshe biyu a haɗa makirufo biyu a rami ɗaya. Ina ganin masu yi, ni dai ba na so. Makirufon biyu suna danne wa juna ƙarfi, sauti ya ragu, kuma maɓalli ɗaya ne ke juya su duka: in ɗan amshi ɗaya mai babbar murya ne, ɗayan kuma mai sanyin murya, ba ka da yadda za ka yi. Abin da ya fi muni, yawancin makirufo masu makunni a jiki, idan aka kashe su, haɗe wayoyin sautin suke yi da juna. Mutum ɗaya ya kashe nasa don ya yi tari, na abokinsa ma ya mutu.

Dabara ta biyu mai hankali ce: ka samo wata ƙaramar mikisa, ka zuba gangunan duka a cikinta, ka ɗauko abin da ta fitar ka jona a layin sitiriyo ɗaya na babbar. Mun yi haka da mikisar haya, kuma ya yi aiki. Wanda ramuka biyu ko uku kawai yake nema ƙari, ya yi wannan ya huta, kada ya kashe kuɗi a banza. Sharaɗin kawai mikisa biyun su sha wuta daga soket ɗaya, in ba haka ba wani gurnani zai riƙa bin sautin a ƙasa-ƙasa. Inda dabarar ta gaza mana shi ne monita, wato sifikun da ke kallon mawaƙa don su ji kansu. Ganguna sun iso babbar mikisa a dunƙule, ba za ka iya ware kalangu ka tura wa mawaƙi shi kaɗai ba. Ita kuma MG10XU hanyar aikawa, wato wadda ake tura sauti zuwa monita ta cikinta, ɗaya ce da ita, kuma eko ne ke amfani da ita. Mawaƙin Hausa kuwa ka hana shi eko, ka nemi rigima.

Zuciyata ta fara karkata ga yayarta, Yamaha MG16XU. Na san halin gidan, maɓallan duk a inda hannuna ya saba, ga feda na turawa maimakon murɗawa, ga hanyoyin aikawa huɗu har da ta eko. Amma lissafin nan na farko ya sake tare ni: layi 16 a suna, ramin makirufo 10. Takwas nasu na kansu, biyu kuma a kan layukan sitiriyo suke, in ka sa makirufo a ciki ka rasa sitiriyon. Ina neman 11, tana ba ni 10. Rami ɗaya tal ya raba mu, kuma na san ƙungiyar da ta tashi daga huɗu zuwa 11 ba a nan za ta tsaya ba.

Haka na koma kan Behringer XR18. Tsofaffin 'yan sana'a da yawa suna yamutsa fuska in an ambaci sunan kamfanin, don a da an san shi da kayan araha. Uli Behringer ne ya kafa shi a Jamus a 1989, ana ƙera kayan a birnin Zhongshan na ƙasar Sin. A 2009 suka sayi Midas, kamfanin Ingila da manyan wasannin duniya ke amfani da mikisocinsa, sannan a 2012 suka fitar da X32, wadda ta sa mutane da yawa suka sake duban su. XR18 ƙanwar X32 ce. In ka gan ta ba za ka ce mikisa ba ce: akwati ne baƙi mai nauyin kilo uku da ɗan ɗoriya, fuskarsa duk ramuka. Babu feda ko ɗaya. Abin murɗawa guda ne, na ƙarar abin sawa a kunne. Komai da komai a tablet ko waya ko kwamfuta ake yin sa.

Ramukan kuwa ba wasa: 16 na makirufo, kowanne yana karɓar XLR ko babban jak, da ƙarin biyu na layi, shi ya sa ake ce mata 18. A nan lambar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Na jona 11 ɗina, na ba fiyano biyu, kwamfuta ta tafi 17 da 18, ramuka uku suka rage a buɗe. Biyun farko ma an yi su yadda jita za ta shiga kai tsaye ba sai da wani akwati a tsakani ba. Gurmin yaronmu da aka manna wa ɗan abin ɗaukar sauti a jiki, nan nake sa shi.

Ingancin sautin ya gamsar da ni, amma ba zan yi ƙarya in ce jama'ar biki sun ji bambanci tsakaninta da Yamaha ba. A rumfa, da janareta na ruri a bayan gida da yara na guje-guje, ba wanda ke auna irin wannan. Abin da aka ji shi ne kowane kayan kiɗa ya samu layinsa, aka gyara shi shi kaɗai. Kowane layin makirufo a XR18 yana da nasa abin yanke gurnanin ƙasa, da EQ, abin daidaita kauri da tsinin sauti, mai gaɓa huɗu da za ka kai duk inda kake so, da kwamfuresa mai danne sautin da ya yi ƙarfi da yawa, da geti mai rufe layi in ba sauti. A MG10XU layi biyu ne kacal ke da kwamfuresa, shi ma maɓalli ɗaya.

Kalangu ne ya fi nuna mini amfanin wannan, don babu kayan kiɗan da ya kai shi wahalar kamawa. Da farko na kafa wa mai kalangunmu makirufon Shure SM57 a kan gajeren ƙarfe, na roƙe shi ya tsaya kusa. Dattijo ne, ya girmi mahaifina. Ya dube ni ya ce, "Yaro, kalangu ba a dasa shi. Inda mai liƙi ta nufa, nan nake nufa." Na ce, "Gaskiya ne Baba, a yi haƙuri." Na samo ƙaramin makirufo mai matsewa, na maƙala shi a bakin kalangun ta gefen da gula ba ta sauka, na ba shi doguwar waya na ɗaura ta a ɗamararsa don kada ta fizge. Irin wannan makirufo sai da wutar bolt 48 da mikisa ke turowa ta cikin waya. A MG10XU da MG16XU makunni ɗaya ne ke kunna wutar ga ramukan duka; a XR18 layin da kake so kaɗai za ka ba.

Sai gyaran murya. Kalangu abu biyu yake yi a lokaci guda: akwai tsawar gula idan ta sauka a fata, akwai kuma jan sautin da ke biyo baya idan ya matse tsirkiya a hammata ya sake, wanda a nan ne maganar take. In ka bar tsawar yadda take, ita za ta huda kunnen mutane, maganar ta ɓace a ƙarƙashi. Na yanke abin da ke ƙasa da wajen hertz 100, don rurin ganga babba kada ya shigo ta nan, na sa kwamfuresa ya ɗan danne kan bugun, sai jan ya taso. Geti kuwa na kashe shi gaba ɗaya a layin. Yana gutsure wutsiyar sautin, kuma kalangun da aka yanke wa wutsiya ya zama gwangwani. Da Baba ya ji kansa a monita yana kiran sunan uwar amarya da kiɗa, kuma ana ganewa daga bayan rumfa, bai ce komai ba, gyaɗa kai kawai ya yi. Geti a ganga babba na bar shi, can yana da amfani, yana hana ta kwaso hayaniyar fage.

Monita ita ce riba ta biyu, kuma in don ni ne ta kai ramukan muhimmanci. Akwatin yana da hanyoyin fita shida ban da manyan biyu na hagu da dama, kuma eko ba ya cin ko ɗaya daga cikinsu, yana da nasa gurabe huɗu a ciki. Maigida yana son muryarsa da eko mai kauri da ɗan fiyano. 'Yan amshi muryar maigida suke son ji fiye da tasu, don su san inda za su karɓa. Makaɗa ba ruwansu da eko, bugun fiyano suke nema don kada su zarce. Yanzu kowa da nasa, uku nake amfani da su, uku na ajiye. Ana iya ba kowane mawaƙi dama ya gyara monitarsa daga wayarsa. Ban ba su ba, kuma ba zan ba su ba. Na san mutanena: kowa zai ƙara kansa, na kusa da shi ya ƙara, kafin a kai baiti na uku sifiku sun fara kuka.

Kukan sifika ma ya zo da sauƙi. Ɗakunan taron da ake yayi yanzu, ƙasa tayil, bango siminti, sama silin POP, sauti yawo kawai yake yi a ciki. Manhajar da ake juya mikisar da ita tana zana maka sautin yana motsi a allo, in wani wuri ya fara tsini za ka gan shi da ido kafin ya zama ihu, ka je EQ mai gaɓa 31 na wannan hanyar ka rage shi daidai wurin. In ka gama gyaran ɗaki sai ka adana shi da sunan wurin. Ranar da aka sake kiran ku can, ka danna, komai ya koma yadda ka bar shi, sai 'yan gyare-gyare.

Wanda bai taɓa aikin biki ba ba zai gane darajar yawo da tablet ba. Babu mai ba ka tebur a tsakiyar taro. Masu ado sun riga sun cika wurin da furanni, kai kuma a tura ka gefen fage, bayan sifiku, inda ba ka jin abin da jama'a ke ji ko kaɗan. Da can sai in murɗa, in zagaya in saurara, in dawo in sake murɗawa. Yanzu akwatin yana ƙarƙashin teburin mai fiyano, wayoyi gajeru, babu doguwar igiyar nan mai kauri da ake ja daga fage zuwa baya mutane suna tuntuɓe da ita. Ni kuma ina tsaye a inda nake so. In wata Hajiya ta yafito ni ta ce, "Ɗan nan, a rage mana, kunnuwanmu," a gabanta zan rage, ta ga na rage. A taron mata zalla dai mutum ya san inda zai tsaya. Bakin ƙofa ya ishe ni.

To, sharaɗin. Na farko Wi-Fi ɗin da ke cikin akwatin. A zangon 2.4 GHz kawai yake aiki, na'ura huɗu yake ɗauka, kuma makullinsa WEP ne, tsohon yayi da aka daɗe da daina dogara da shi. A ɗakin gwaji, ku biyar, lafiya lau. A ɗakin taro mai ɗaruruwan mutane, kowa da waya a hannu, wasu sun kunna rabon data, wannan zangon cunkushewa yake yi. Wanda ya koya mini aikin ya gaya mini tun kafin in saya: kuɗin rauta, na'urar da ke ba da Wi-Fi, na cikin kuɗin mikisa. Na sayi ƙaramar rauta mai zangon 5 GHz, na jona ta da waya a ramin intanet na akwatin, na sa mata kalmar sirri, kuma kullum a sama nake ɗaure ta, a kan ƙarfen sifika, don jikin mutane yana tare sigina. In sadarwa ta yanke, sauti ba ya tsayawa, yana ci gaba yadda ka bar shi. Kai ne dai hannunka ya fita daga kai har ta dawo. Saboda haka kwamfutar tana jone da rautar ta waya, manhajar X Air Edit a buɗe, ko da tablet zai ba da kunya. A tablet ɗin kuwa Mixing Station nake amfani da ita, ba ta kamfanin ba ce, amma tana barin ka jera layukan yadda idonka ke so.

Na biyu, rashin abin kamawa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, na san babu feda tun a shago, amma sai ana cikin aiki ake sanin nauyin abin. Mai gabatarwa ya nufi gaban sifika da makirufo a hannu, ko yaro ya fizgi waya: a Yamaha hannunka ya riga tunaninka isa wurin. A gilashi sai ka duba, ka tabbatar shafin da kake, sannan ka taɓa, kuma yatsa mai gumi ba kullum gilashi ke jin sa ba. Maganin da na samu shi ne rukunin kashewa, guda huɗu ne: na tara makirufon magana a ɗaya, na waƙa a ɗaya, ganguna a ɗaya, na ajiye su a gefen allo inda babban yatsana yake. Da rana tsaka a fili kuma allon ba ya ganuwa sosai, ga zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40 a Kano, tablet ya yi zafi ya rage haskensa da kansa. Sai ka nemi inuwa. Shi ma akwatin ba na rufe shi da ƙyalle ko in cusa shi inda iska ba ta ratsawa, komai roƙon masu ado. Ta ɓangaren hunturu kuwa ta fi mikisa mai feda kwanciyar hankali, don babu tsagar da ƙura za ta shiga ta sa feda ƙarar yashi.

Na uku wuta. Tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka raguwar wuta ba ta cika damun ta ba. Matsalar lokacin da aka ɗauke aka koma janareta ce. Mikisar gargajiya wuta na dawowa take dawowa. Wannan kwamfuta ce, sai ta ɗan ɗauki lokaci ta tashi, ta dawo da saitinta na ƙarshe, rauta kuma ta fi ta jinkiri, tablet ya sake neman rauta. Ƙaramin UPS, batirin nan mai riƙe wuta irin na kwamfutar ofis, ya kashe wannan magana: mikisa da rauta da na'urar makirufo mara waya duk a kansa suke, ba su san an ɗauke ba. Amfilifaya ba ta hawa kansa, ta fi ƙarfinsa. Ƙa'idar kunnawa tana nan yadda take tun da: amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa.

Akwai kuma maganar gyara, wadda ba a cika tunawa da ita ba sai ranar ta zo. Mikisar gargajiya in layi ɗaya ya mutu, ka matsa na gaba ka ci gaba da aiki, washegari mai gyaran rediyo ya buɗe ta ya canza abin da ya ƙone. Mai kwamfuta a ciki ba kowane mai gyara ke taɓa ta ba. Shi ya sa ban sayar da MG10XU ba. Tana zuwa kowane wasa. Wani lokaci ma aiki take yi: in an haɗa mu da DJ, ko an zo da fiyano na biyu, sai in tara su a cikinta in turo su ta 17 da 18, dabarar nan ta mikisa biyu ta dawo, amma yanzu a inda ta dace, a kan kayan da ba sa bukatar a ware su.

Ɗaukar sauti zan taɓa a gurguje. Ta wayar USB tana tura layuka 18 ɗin zuwa kwamfuta, kowanne daban, ka koma gida ka gyara a natse. Gajerun bidiyon da maigida ke sawa a TikTok yanzu da wannan sautin ake haɗa su, ba da na wayar da ke gaban sifika ba. Sai dai dole kwamfuta. Ba ta da ramin da za ka soka filashi ta ɗauka da kanta. Wanda wannan ya dama ya duba Soundcraft Ui24R mai ramin makirufo 20 da ke ɗauka a filashi, ko Zoom LiveTrak L-20 mai 16 da ke ɗauka a katin SD, ga ta kuma da feda na gaske. Ƙannen XR18 kuwa, a yi musu lissafin nan na kwali: XR16 ramin makirufo takwas gare ta, XR12 huɗu, daidai da ƙaramar Yamaha da nake gudu.

Wa zan ce ya saya? Ƙungiyar da ke da mutum ɗaya wanda sauti ne aikinsa, ba ya riƙe da wani kayan kiɗa, kuma zai zauna ya koyi manhajar, wadda duk da Turanci take. Yaron da ke taya ni ɗaukar kaya ya iya Yamaha da kallo kawai; XR18 har yanzu in na ba shi tablet, kashewa da kunnawa kaɗai na yarda ya taɓa. In mai fiyano ne ke juya mikisa da hannun hagu yana kiɗa da na dama, kamar yadda ƙungiyoyi da yawa ke yi, ko masallaci ne ko makaranta inda yau wannan ne a kai gobe wancan, MG16XU ta fi musu alheri nesa ba kusa ba, muddin makirufonsu bai wuce 10 ba. Masu mandiri da sha'irai da ke jera mutum goma sha a majalisi, kowa da makirufonsa, su kam lissafi zai kawo su inda ya kawo ni.

Kuma kada mutum ya tara kuɗin akwatin kaɗai ya ce ya gama. Kowane sabon rami waya yake nema, da makirufo, da ƙarfen tsayarwa. Ga tablet, ga rauta, ga UPS. Da na haɗa nawa, kayan gefen sun ci kaso mai tsoka na abin da na kashe. Farashin kuwa dala yake bi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 abin da aka gaya maka wancan watan ba shi ne na yau ba; ka tambayi shago biyu ko uku a Sabon Gari, ka sa wani ya tambayo maka a Alaba ta Legas, a rana ɗaya. Makirufo ma a lura: jabun Shure SM58 sun cika kasuwa, kwali da tambari duk iri ɗaya, in ka ji farashin ya yi daɗi da yawa to ba shi ba ne.

Sabuwa ce ko ta hannu, kada ka biya sai an kunna ta a gabanka. Ka tafi da makirufonka da wayarka da abin sawa a kunne, ka sa manhajar a wayarka tun daga gida. Ka bi ramukan 16 ɗaya bayan ɗaya kana magana kana kallon allo, ka ɗan girgiza kan wayar a kowane rami ka ji ko zai yi ƙara. Ka kunna wutar 48 a layi biyu ko uku da makirufo mai bukatarta. Ka nemi a ba ka sifika ka gwada hanyoyin fita shida da manyan biyun, sannan ka jona waya a ramin intanet ka ga kwamfuta ta gan ta, don a kansa aikinka zai rataya. Mai shago zai ce kana ɓata masa lokaci. Ka ba shi haƙuri, ka ci gaba daga ramin da ka tsaya.